Yaƙi da Jahilci da Ladan Lebura a Ƙasar Gaya da Ajingi

1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 1952, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, alkawarin da aka fi yi wa magidanci don ya bar hira ya zo ya zauna gaban allo shi ne cewa karatu zai fid da shi daga wahala: wanda ba shi da aiki zai samu, wanda kuwa ya ke da shi za a ƙara masa lada. An maimaita wannan alkawari a 1980, aka sake maimaita shi a 1982 da 1990, har wa yau kuma shi ne a bakin masu shirya azuzuwan manya. Ya kamata a auna shi da ma'aunin tarihi, gama mutumin da a ke yi wa shi ba yaro ba ne. Yana da iyali, yana da gona, kuma duk yammacin da ya ba aji ya ɗebe shi ne daga lokacin neman abinci.

Wannan takarda ta ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, don ta bi sawun al'amarin. An zaɓe ta domin ƙasa ce ta manoma da 'yan ci-rani, ba ta da manyan masana'antu, amma kuma ba ta yi wa Birnin Kano nisan da zai hana mutanenta zuwa neman aiki can ba. Abin da takardar za ta nuna shi ne, amfanin da lebura ya samu daga karatun manya ya rataya ne ga wanda ya ke biyansa. Inda mai biya ya ke riƙe da littafin lissafi da matakan albashi, karatu ya ƙara lada. Inda a ke ciniki da baki, a bakin gona ko a tasha, ladan ya tsaya inda ya ke, sai dai karatun ya rage abin da a ke zambatar mutum.

2. Ƙasar da irin ayyukanta

Gaya tsohon gari ne, kimanin mil 40 gabas da Kano, a kan hanyar da ta ƙetare gadar Wudil ta nufi Dutse. Labarin gargajiya ya ce daga nan ne maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama. A zamanin En'e gunduma ce a ƙarƙashin Sarkin Kano, a 1976 ta zama ƙaramar hukuma, daga baya aka ciro Ajingi daga cikinta. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum kimanin 200,000, Ajingi kuwa kimanin 170,000. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka gama a 1930, ta bi ta arewa da ƙasar ne, ta Ringim, saboda haka jaki da raƙumi, sa'an nan mota, su ne suka riƙa fid da amfanin gonarta. Gero da dawa da wake su ne abinci, gyaɗa kuwa ita ce ta riƙa kawo kuɗin haraji da na tufa har zuwa shekarun 1970.

Kafin a yi maganar ƙarin lada, wajibi ne a rarrabe irin biyan da a ke nufi, gama Hausa ba ta haɗa su a kalma ɗaya ba. Akwai ƙwadago, watau aikin gona da mutum ya ke yi wa wani daga hantsi zuwa azahar a biya shi a ranar, sau da yawa tare da fura. Akwai jinga, wadda a ke yanke kuɗin aikin gaba ɗaya, ko an daɗe ko an yi sauri. Akwai ci-rani, tafiyar da mutum ya ke yi bayan kaka ya yi dako, ko ga-ruwa, ko gadi, ko kwaɓa ƙasa a wurin magina, ya komo da faɗuwar ruwa. Sa'an nan akwai albashi, wanda a ke biya a ƙarshen wata bisa ga sunan da ke cikin littafi. Ukun farko ƙarfi da sanayya su ke nema, farashinsu kuwa yana hawa da sauka ne bisa ga yawan hannuwa da matsin lokacin noma. Na huɗun ne kaɗai ya ke tambayar takarda.

Sunayen ayyukan albashi su ma suna ba da labarin asalinsu. Lebura, da helma, da masinja, da direba, da kafinta, duk daga Turanci aka aro su. Akawu daga Yarbanci ya zo, shaidar cewa mutanen Kudu ne suka fara riƙe alƙalamin kamfanoni da na reluwe a Kano. Amma da En'e ta soma ɗaukar 'yan ƙasa sai ta ba su tsohon laƙabin nan mai daraja, aka sami malamin haraji, da malamin gona, da malamin daji, da malamin asibiti. A nan ne wata matsala ta ɓullo wadda ta bi yaƙin har ƙarshensa. Kalmar jahilci ta Larabci ce, a kunnen Bahaushe kuwa tana nufin rashin sanin addini. Ƙasar Gaya, kamar sauran gabashin Kano, cike ta ke da makarantun allo da gardawa masu rubuta wasiƙa da ajami. Tun da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, boko ne ya ci gaba da zama rubutun ofis, saboda haka mahaddaci ya wayi gari a lissafin gwamnati yana cikin waɗanda za a yaƙi jahilcinsu.

3. Yadda aka soma yaƙin

Tunanin koya wa manya karatu da yawa a lokaci ɗaya ya fito ne daga wani rahoto da Ofishin Mulkin Mallaka na Ingila ya shirya a 1943 a kan ilmantar da jama'a a ƙasashen Afirka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi gwaji a wurare kaɗan na Arewa, kamar Kankiya da Misau. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabinsa sananne a Majalisar Kaduna, inda ya nemi a gyara tsarin En'e, a kuma wayar da kan talakawa su san haƙƙinsu. Shekara biyu bayan wannan aka yi shelar yaƙin a dukan lardunan Arewa. Zariya ce cibiya, gama can Kamfanin Gaskiya ya ke tun 1945, Malam Ahmadu Coomassie mutumin Katsina kuwa yana cikin manyan jami'an da suka ja ragamar aikin.

Tsarin bai da wuyar fahimta. En'e ce ta ke riƙe da aikin a ƙasarta, hakimi ya umarci dagatai, dagaci ya tara mutane, a sami wani wanda ya iya boko a garin a ba shi ɗan alawus ya koyar. A kan zauna a zaure ko a gindin itace, galibi da rani, bayan la'asar. A kan soma da baƙaƙe da wasula, a wuce zuwa littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, a haɗa da ɗan lissafi. Bayan 'yan watanni a yi jarrabawa, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Don kada sabon mai karatu ya rasa abin karantawa aka kafa hukumar NORLA, wadda ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya. Waɗannan sun zama ƙari a kan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta ke fitowa tun 1939.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na ɗaya, manufar masu yaƙin ta siyasa ce da ta zaman jama'a. Mulkin kai yana tafe, an kuwa same shi a watan Maris na 1959, a ƙarshen shekarar kuma aka yi zaɓen tarayya da ƙuri'ar asiri. Ana son mutum ya karanta sanarwa, ya gane takardar haraji, ya san abin da ya ke zaɓa. Ba a haɗa ajin da koyon wata sana'a ba. Na biyu, Hausa aka koyar, alhali Turanci ne harshen da a ke hawa matakan aikin gwamnati da na kamfani da shi. Tun daga tushe ke nan an yanke wa takardar shaidar iyakar inda za ta iya kai mai ita.

4. Abin da takardar ta saya a zamanin gyaɗa

Ba karatun boko ne ya kawo arzikin gyaɗa ba. Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978 cewa, da jirgin ƙasa ya iso Kano, fatake Hausawa da manoma ne suka juya ga gyaɗa a kakar 1912, alhali Turawa auduga su ke jira. Amma daga 1949, sa'ad da aka kafa hukumar sayen gyaɗa, cinikin ya koma na takarda. Hukuma ce ta ke yanke farashin tan a farkon kaka, ta ba wakilai lasin, su kuma su ba 'yan baranda jari su shiga ƙauyuka. Tsakanin farashin da aka yanke da abin da ya shiga aljihun manomin Kademi ko na Toranke akwai hannuwa da yawa, akwai kuma sikeli wanda malaminsa ne kaɗai ya ke karanta shi.

A nan ne ribar farko ta karatun manya ta bayyana. Mutumin da ya san lambobi yana iya duban sikeli da idonsa, ya kwatanta da abin da aka rubuta, ya lissafa fam da sule da kwabo kafin a ƙirga masa. Haka kuma ga haraji. Mai unguwa ne ya ke tarawa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, rasit kuwa shi ne kaɗai hujjar talaka. Kuka a kan karɓar haraji sau biyu, ko ba da rasit na bara a madadin na bana, yana cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU ta riƙa ɗagawa tun kafa ta a 1950. Wanda ya iya karanta shekara da adadin da ke jikin rasit ya toshe wannan ƙofa, sau da yawa ma ya toshe wa maƙwabtansa, gama mutum ɗaya mai karatu ya ishi unguwa. Wannan riba ba ta shiga lissafin albashi, amma kuɗi ne da suka zauna a gida maimakon su fita.

Riba ta biyu ita ce aiki. Shekarun 1950 lokaci ne da En'e ta ke faɗaɗa, Gwamnatin Sardauna kuma ta ɗauki manufar ba 'yan Arewa fifiko a ayyukan Jihar. Waɗanda suka gama elementare da midil ba su kai yawan guraben ba, saboda haka aka sami rata a ƙasan tsani. Mai takardar Yaƙi da Jahilci yana iya zama helma mai rubuta sunayen leburorin hanya, ko masinja, ko ɗan doka, ko magatakardan dagaci, ko malamin sikeli a wurin ɗan baranda. Waɗansu ma sun komo sun koyar a ajin da ya yaye su. Bambancin helma da lebura a wajen kuɗi bai taka kara ya karya ba, amma helma ya fita daga biyan yini ya kusanci biyan wata, wannan kuwa shi ne babban canji a rayuwar talaka, gama mai albashi yana iya cin bashi, yana iya sayen hatsi da kaka sa'ad da ya ke da araha.

Sai dai guraben ƙididdigaggu ne. Gunduma ɗaya hakimi ɗaya gare ta, ma'aikatanta kuwa ba su wuce a ƙirga su ba, alhali masu takarda suna ƙaruwa kowane rani. Waɗanda suka riga su ne suka samu. Sauran suka koma ga fartanya, mai gona kuwa ba ya ƙara wa ɗan ƙwadago ko anini don ya iya rubuta sunansa. Binciken Polly Hill a Batagarawa da Ɗorayi, wanda ta buga a 1972 da 1977, ya nuna abin da ke tura magidanci ƙwadago: ƙarancin gona, da rashin taki, da rumbun da ya ke ƙarewa kafin damina ta yi tsakiya, har ya bar gonarsa ya tafi noma ta wani. Allo da alli ba su taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da aka rufe NORLA a 1959 abin karatu mai araha ya ragu a ƙauyuka, kuma karatun da ba a aiki da shi ya kan zube, kamar wuƙar da aka ajiye ta yi tsatsa.

5. Bompai da matakan albashi

Fari na 1972 zuwa 1974, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, sun karya kasuwar da ta riƙe gabashin Kano shekara sittin. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur suka cika birane, masana'antun Bompai suka ƙaru, aka buɗe na Sharaɗa da Challawa. Samarin ƙauye suka kwarara birni. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a cikin ma'aikatan masana'antun Kano a farkon shekarun 1970 ya buga littafinsa a 1986, ya tarar da yawansu 'yan ƙauye ne da suka yi karatun allo, waɗansu ma almajirci ne ya fara kawo su birni. Sun iya aiki, sun kuma iya jure wa tsarin lokaci, amma muƙaman duba aiki da na ofis suna hannun masu boko da Turanci.

Abin da ya ɗaga ladan waɗannan ma'aikata a wannan zamani sananne ne. Ƙarin Adebo ne na 1970 da 1971, wanda leburorin Kano sai da suka yi yajin aiki kafin waɗansu kamfanoni su biya, sa'an nan ƙarin Udoji da aka biya a 1975, sa'an nan dokar mafi ƙarancin albashi ta 1981, wadda ta yanke naira 125 a wata. Duk waɗannan sun hau kan mai karatu da marar karatu baki ɗaya, muddin sunansa yana cikin littafi. Dokar 1981 kuwa ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba, balle ɗan dako ko ɗan ƙwadago.

Amma tsarin Udoji ya kawo wani abu wanda ya ba takarda sabon ƙarfi. Ya jera ayyukan gwamnati daga mataki na 01 zuwa na 17, aka ɗaura wa kowane mataki irin shaidar da a ke nema. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kai wannan tsani har Gaya. Daga nan maigadi, ko mai shara, ko leburan asibiti ya san cewa tsakaninsa da mataki na gaba akwai takarda, ya kuma san ko wace ce. A shekarar 1976 ɗin ce kuma aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa. Kafin shekara goma ta cika yara masu shaidar firamare sun yi yawa, tsohuwar takardar Yaƙi da Jahilci kuwa, wadda ta taɓa mai da mutum helma, ba ta ƙara sayen kome ba a ofis. Wannan shi ne abin da Ronald Dore ya kira cutar takardar shaida a littafinsa na 1976, watau duk sa'ad da masu takarda suka fi gurabe yawa sai mai ɗauka ya ɗaga sharaɗi, ko da aikin bai sake ba.

6. Hukumar 1980 da abin da ya biyo baya

Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya hau mulkin Jihar Kano a watan Oktoba na 1979, ya soke haraji da jangali, a 1980 kuma ya kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jiha. Sokewar ta sauke wa talaka kaya, ta kuma kau da rasit ɗin nan da ya kasance babban dalilin koyon karatu a ƙauye. Sabuwar hukumar ta gyara waɗansu kurakuran da. Ta sa aji na gaba bayan na farko, don mai himma ya kai matsayin wanda ya gama firamare ya wuce. Ta buɗe azuzuwa domin ƙananan ma'aikata, da cibiyoyin mata inda a ke haɗa karatu da ɗinki da saƙa, ta kuma sa jami'anta a ƙananan hukumomi. A 1983 UNESCO ta ba ta lambar yabo. Gwamnatin Tarayya ta Shugaba Shehu Shagari ta yi shelar nata yaƙin a 1982, a 1990 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta ilmin manya.

Wanda ya fi cin moriyar wannan tsari shi ne ma'aikacin da ya riga ya shiga littafi. Masinjan sakatariya da ya bi ajin yamma har ya sami shaida yana da ofishin da zai kai ta, yana da matakin da za a ɗaga shi zuwa gare shi. Macen da ta koyi lissafi tare da ɗinki ita ma ta sami abin riƙewa, gama sana'ar cikin gida, kamar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula, bashi da adashi ne jarinta, mai rubuta bashi kuwa ba ta asarar da mai riƙewa a ka ta ke yi.

Ga wanda ya ke waje yana neman shiga, lokacin bai yi masa daɗi ba. Kuɗin mai sun faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatoci suka rage ma'aikata. A 1986 aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. A shekarun da suka biyo baya rashin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha suka rufe masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ajin da aka shirya don ya kai mutum ƙofar ma'aikata ya kai shi, ya tarar an kulle. 'Yan ci-ranin Gaya da Ajingi suka koma ga ayyukan da ba su tambayar takarda: acaɓa, har aka hana ta a birnin Kano a 2013, da tuƙa A Daidaita Sahu, da dako a Dawanau da kasuwar Wudil, da gadi da wankin takalmi a Legas da Abuja. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024, amma ko ɗaya bai shafi waɗannan ba.

Duk da haka tsohuwar ribar nan ta sikeli ta komo da sabuwar kama. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, ɗan ci-rani da ita ya ke jin inda aiki ya ke, da ita ya ke aika wa gida kuɗi. A farkon 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, mai shayi da ɗan dako sun ga ana biyansu ta waya, wanda bai iya karanta saƙon banki ba kuwa sai ya dogara ga bakin wanda ya ce ya tura. Na'urar mai cirar kuɗi a bakin kasuwa ta zauna a mazaunin sikelin ɗan baranda.

7. Abin da aka gani a waɗansu ƙasashe

Masana tattalin arziki sun kasu biyu a kan wannan al'amari. Theodore Schultz a 1961 da Gary Becker a 1964 sun ce ilmi jari ne a jikin mutum, yana ƙara abin da hannunsa ya ke samarwa, lada kuwa ya biyo. Michael Spence a 1973 ya nuna cewa takarda tana iya zama alama ce kawai da mai ɗauka ya ke tace masu nema da ita. Tarihin gabashin Kano ya ba kowannensu rabonsa. A gaban sikeli maganar Schultz ce ta tabbata, gama iyawar ce ta yi aiki, ba wanda ya tambayi takarda. A ƙofar ofis kuwa maganar Spence ce.

Bayan taron Tehran na 1965, UNESCO ta gwada abin da ta kira karatu mai aiki a ƙasashe da dama daga 1967 zuwa 1973, rahoton da aka buga a 1976 kuwa ya nuna sakamakon bai kai abin da aka sa rai ba. Inda aka fi ganin amfani, kamar a wurin manoman gyaɗa na Mali, an haɗa karatun ne da awo da lissafin kasuwar da manoman su ke kai kayansu. A Jamhuriyar Nijar, cikin ƙauyukan Dosso da Damagaram, Jenny Aker da abokan aikinta sun gwada haɗa ajin manya da koyon aiki da wayar hannu a 2009 da 2010, suka tarar waɗanda aka koya wa wayar sun fi sauran ci a jarrabawar rubutu da lissafi. Dalilin a fili ya ke: sun sami abin da za su riƙa karantawa kullum, irin abin da Sodangi ta so ta zame wa mutanen Kano.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsai da magana uku. Ta ɗaya, karatun manya ya ƙara wa mutum lada a wurin da a ke da matakan albashi, kuma a lokacin da gurabe su ke ƙaruwa, watau shekarun 1950 da na 1970, ya kuma fi amfanar wanda ya riga ya sami gindin zama. Ta biyu, bai motsa farashin ƙwadago da jinga da ci-rani ba, gama yawan hannuwa da ƙarancin gona ne su ke yanke shi. Ta uku, ribarsa mafi daɗewa, wadda ta ratsa daga rasit ɗin haraji zuwa saƙon banki, ita ce tsare abin da mutum ya riga ya samu da guminsa.

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi, tarihin nan kuwa bai ƙaryata su ba. Amma malaman da ke horad da masu koyar da manya suna da abin ɗauka a ciki. Kafin a buɗe aji a Shagogo ko a Balare, ya kamata a tambayi ko wace takarda ce ta ke ratsa hannun ɗalibin a mako, ko ta asibiti ce, ko ta taki, ko lissafin adashi, ko saƙon waya, a gina darasi a kanta. Ya kamata a soma da lambobi da wuri, gama su ne su ke fara biya. Wanda ya zo da ajami a lissafa shi mai karatu, a ɗora masa boko a kan abin da ya sani, don hanyarsa ta fi gajarta. Wanda ya ke neman hawa mataki a nuna masa tun ranar farko ko wace shaida ce ofis ya ke karɓa, da yawan shekarun da za ta ci. Kada kuma a yi wa magidanci alkawarin albashi a inda babu mai ɗauka, gama wanda ya ba da raninsa biyu ya fito bai ga abin da aka faɗa masa ba, shi ne zai hana ƙaninsa da ɗansa zuwa aji na gaba.